Zogalen Yaya Indo

Bana bazara ta yi tsawo. Hadari yakan haɗo daga gabas bayan la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman makwanci, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da gumi da kwashe shanya a banza. Jiya da hantsi ina zaune a rumfa ina tankaɗen garin tuwo, rediyon maigidana Malam na rataye a ƙusa, wani masani yana bayanin cewa tattalin arzikin ƙasa ya kama hanyar farfaɗowa tun bayan annobar korona, abin da ya rage ɗan haƙuri ne kawai. Muryarsa a sanyaye take, irin ta wanda ya karya kumallo da kyau. Na dubi garin da ya taru a faifai. Idan na tuƙa shi zai ishi yarana da ƙyar, amma ba zai kai har kwanon da nake miƙa wa maƙwabciyata kowace yamma ba. Ina wannan lissafi a zuci sai azumin shekarar da aka rufe gari ya faɗo mini.

Daga Rawayau aka kawo ni Dutsin-Ma ina amarya, ban san kowa ba. Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Malam Haruna direba, kuma akwai wani wuri kusa da madafa da ruwa ya zaftare ta, ta tsaya daidai ƙirjin mutum. Ta nan matarsa, Yaya Indo, ta fara leƙo ni. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ga baki ga dariya. Ranar da na fara girki ta miƙo mini kwano ta ce, “Amarya, ga ciyayya. Ki juye ki zubo naki in ji ko an koya maki wani abu a ƙauyenku.”

Tun daga ranar ba mu fasa ba. Abin da na dafa sai ta ci, abin da ta dafa sai na ci. Ƙa'idar ciyayya ɗaya ce, kowace mace ta san ta: kwano ba ya komawa wayam. Wadda ta mayar da shi babu komai ta faɗa wa unguwa ke nan cewa tukunyarta ba ta hau wuta ba, kuma da yawanmu gara a kwana da yunwa da a ji wannan.

Ina da wata mara ta kwasar tuwo da Innata ta sa mini cikin kayan aure. Bakinta ya ɗan ɓalle a gefe, saboda haka duk malmalar da na kwasa sai ta fito da wani siririn zane a jikinta. Yaya Indo ta sha yi mini tsiya a kanta.

“Binta, wai Malam Sani bai iya saya maki mara ba? Ko kuwa sa hannu kike yi a tuwon, ke mai boko?”

A lokacin gidansu ya fi namu motsi. Mijinta na jan motar wani Alhaji tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, ita kuma tana suyar awara da yin dambu, ɗaliban jami'a na aikowa saye tun daga hantsi. Mu kuwa Malam awo yake yi a kasuwa, yana kuma noma gonar gado a Kuki. Ba mu da yawa, amma dawa ba ta yanke mana.

Sai annoba ta zo. Da farko a rediyo muke jin ta kamar labarin wata ƙasa. Kafin mu ankara an sallami ɗalibai, an hana motoci fita, an rufe kasuwa, an ce kowa ya zauna gida. Azumi ya kama a tsakiyar wannan hali, a cikin zafin da ban taɓa ganin irinsa ba. Kwanon rufi yakan yi ta ƙara shi kaɗai da rana tsaka. Ruwan randa ya koma kamar an ɗumama. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin a jima ya bushe ƙayau. Abin da ya fi damuna shirun garin ne: babu ƙarar babura, babu masu tallar ƙanƙara, babu tafsiri daga lasifika. Ladan zai kira salla, amma ba ka jin takun masu tafiya masallaci. Malam ke jan mu asham a tsakar gida, yara na hamma a bayansa. Ni kuma ina da ƙaramin ciki, ƙamshin komai yana tayar mini da zuciya.

Mu dai muna da buhunan dawa da Malam ya kawo daga Kuki da kaka. Da asuba ɗumame, da buɗa-baki kunun tsamiya, bayan magariba tuwo miyar kuka. Ƙosai ya ɓace daga gidan tun makon farko. Amma ciyayya tana nan. Nakan zuba malmala uku in miƙa ta katanga, Yaya Indo ta karɓa ta miƙo nata.

Abin da na fara lura da shi, kwanonta ya daina riga nawa zuwa. Da can tun ina kwasa nake jin ta tana ƙwanƙwasa murfi a kan katanga tana cewa in yi sauri hannunta ya gaji. Yanzu sai ta karɓi nawa ta ce, “Bari in kwashe, tukunyar ba ta ida silala ba.” Sai an ɗan jima nata ya iso. Hayaƙi dai yana tashi daga madafarsu kullum, don haka ban kawo komai a raina ba. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe rabon da in ji dakanta ba.

Wata yamma na buɗe kwanonta, malmala biyu da 'yar miya tsararo. An shafe samansu da jiƙaƙƙen hannu sun yi sumul. Da na sa hannu na juya ɗaya don in gutsura wa ƙaramin yarona, sai ga zanen marata a ƙasanta. Na juya ta biyun, ita ma haka.

Tuwona ne ya dawo mini. Ta karɓi uku, ta cire ɗaya, ta sake wa biyun kwano. Malmala ɗaya ke nan ita da mijinta da 'ya'ya biyar, bayan wunin azumi a wannan rana. Hayaƙin da nake gani kuwa ruwan miya ne kaɗai a kan wuta, ko ma ruwan banza.

Na zauna a kan turmi da kwanon a cinyata, hawaye na zuba ban san sun fara ba. Allah kaɗai Ya san tun yaushe muke wannan zagaye, ina cin tuwona ina yaba hannunta. Har na taɓa ce mata nata ya fi nawa laushi, ta yi dariya ta ce sirrin a wurin tuƙi yake.

Bayan asham na ja Malam gefe na nuna masa. Ya daɗe yana kallon malmalar.

“Gobe in ɗauki rabin buhu in kai wa Malam Haruna,” in ji shi.

“Ka kai masa ka ce mi? Ka ce mun gano?”

“To mi za a ce? Yunwa fa ake magana, Binta.”

“Malam, matar da ta yarda ta mayar da abinci 'ya'yanta na kallo don kada in sani, ranar da ta san na sani ba za ta ƙara leƙo katangar nan ba. Buhun ma sai ta ce a maido.”

Ya san gaskiya na faɗa. An yi rabon tallafi a unguwa a kwanakin, da mai unguwa ya aika gidansu, Malam Haruna cewa ya yi a ba mabuƙata, su Alhamdulillahi.

“Ki ƙara yawan tuwon mana,” in ji Malam.

Na gwada. Na zuba biyar, huɗu suka dawo. Ita dai ɗaya take cirewa, don kada kwanonta ya kasa nawa da nisa. Na rasa yadda zan yi. In na yi magana na tona mata asiri. In na daina ciyayyar na raba yaranta da ɗayar ma. Na kwana biyu ina roƙon Allah a sujada Ya nuna mini hanyar da ba ƙarya a cikinta, don ba na son in ɓata azumina, ba na kuma son in karya mata zuciya.

A tsakar gidansu akwai bishiyar zogale a bakin wurin wanke-wanke. Ruwan kwanuka ke shayar da ita, shi ya sa duk bushewar gari tana nan kore shar, rassanta sun leƙo ta kan katanga. Wata rana da azahar ina kwance a tabarma zuciyata na tashi, idona ya sauka a kanta, sai na ji babu abin da nake so a duniya irin ganyen nan. Da gaske na ji hakan. Na tashi na je bakin katanga.

“Yaya Indo.”

Ta fito tana gyara ɗankwali. Sai a ranar na kalle ta da kyau. Wuyanta ya yi tsawo, zoben hannunta ta naɗa masa zare don kada ya zame.

“Lafiya, uwar biyu? Ko cikin ne?”

“Shi ne. Yaya, wata alfarma nake nema, kada ki yi mini dariya. Tuwon nan ya fita raina, ko ƙamshinsa ba na so. Zogalenki nake kwaɗayi. Don Allah ki bar zubo mini tuwo, ki riƙa tsinko mini ganyen nan kina dafawa. Ko gishiri kada ki sa, ni zan haɗa abina yadda nake so.”

Ta tsaya tana dubana. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zani.

“Zogale,” in ji ta. “Duk abincin duniya. Wannan ɗa naku da ganin alama akuya zai zama.”

“Ko ma mi zai zama, ki taimake ni.”

“To ai sai ki ci. Allah Ya raba lafiya.”

Da magariba na cika kwano har murfin bai zauna ba, na miƙa. Ta miƙo nata cike da dafaffen zogale yana tururi. Ba wadda ta kalli idon 'yar'uwarta. Can anjima na ji ƙaramar 'yarta tana cewa a ƙara mata, na ji muryar Yaya Indo tana cewa, “Ci a hankali, akwai.” Rabon da in ji wannan kalma daga gidan har na manta.

Haka muka ƙarasa azumi, aka yi salla babu idi babu ɗinki. Ruwa ya sauka, aka sassauta doka, Malam ya koma Kuki ya yi shuka. Amma sassauta doka bai cika tukunyar kowa ba. Alhajin mai mota ya sayar da motarsa, Malam Haruna ya koma zaman tasha yana jiran abin da Allah zai kawo. Ɗalibai ba su dawo ba. Kaya a kasuwa suka tashi, ba su kuma sauko ba. Lokacin marka shi ya fi tsanani: ruwa kwana da wuni, itace a jiƙe, ɗaki na yoyo, hayaƙi na cin ido, ga dawa ta kusa ƙasan buhu na ƙarshe alhali ta gona ko kai ba ta fitar ba. Nakan ji Malam yana ɗaga buhun yana gwada nauyinsa idan ya ɗauka ba na gani. Bai taɓa cewa in rage kwanon ba. Namu cin muka rage.

Zogale kuwa na ci shi har na gode Allah. Kwaɗayin ya wuce tun cikin wata na huɗu, amma ina zan ce ya wuce? Na yi kwaɗonsa, na yi miyarsa, na zuba shi a dambu, na shanya na daka. Yarana da sun ga na ɗauko kwano daga katanga sai su fara ɓata fuska.

“Umma, yau ma ganye?”

“Yau ma. Ku ce bismillah.”

Malam ya ce idan aka ci gaba a haka shi ma zai fara toho.

Da sabon gero ya shigo, wani ɗan'uwan Malam Haruna daga Tamawa ya aiko masu da dami. Da asubar ranar na ji taɓarya na sauka a turmin Yaya Indo, ƙarar da na yi watanni ban ji ba. Na tsaya da buta a hannu ina saurare kamar mai jin kiɗan biki. Da yamma ta miƙo kwano da tuwon gero mai zafi, nata na kanta, tare da wani reshe da ta sara daga bishiyar.

“Ungo, ki dasa a gidanki. Na gaji da hawa bishiya saboda ke, kin kusa ƙarar mini da ita.”

Na dasa shi a bakin wurin wanke-wankena. Da sanyi ya shigo na haifi mace, Yaya Indo ta yanke mata cibi, ta yi mini wankan jego. Har yau ba ta kiranta da sunanta, sai Ta-Zogale. Maganar malmala kuwa ba ta taɓa haɗa mu ba.

Yarinyar nan yanzu tana zuwa Islamiyya da ɗan hijabinta. A tsawon shekarun nan babu shekarar da ba a ce mana an kusa fita daga matsin nan ba. Annobar ta wuce, Alhamdulillahi, amma kamar ruwan da ya ci gida ne: ya janye, sai dai katangar da ya jiƙa tana ta zubewa a hankali. Abin da na gani da idona, kowa ya miƙe ne da ƙafa ɗaya. Ɗalibai sun dawo, Yaya Indo ta koma suyar awara, ko da yake ta ce yanzu yanka ɗaya mutum biyu ke rabawa. Malam Haruna bai ƙara samun mota ba, kamasho yake yi a tasha, babban ɗansu kuma yana gyaran babura. Suna ci, ba su ƙoshi ba, amma suna ci.

Mu ne abin ya juyo kanmu. Hanyar Kuki ta zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga, gonar da ke nesa da gari ba mai iya wuni a cikinta da kwanciyar hankali. Damina biyu Malam yana shuka gefen da ke kusa da hanya kawai, taki kuma ya fi ƙarfinsa. A kasuwa waɗanda ke sayen tiya sun koma gwangwani, masu gwangwani sun koma tambayar farashi su wuce. Yakan dawo da yamma ya zauna ya cire hula, rediyo na faɗin farfaɗowa, ya ce, “Binta, ko dai wata ƙasar suke nufi?” Ba ya ma jin haushi yanzu. Gajiya ce kawai.

Ban gaya wa kowa ba. Malmala uku suka koma biyu, biyun suka ƙanƙance. Na fara haɗa garin da na rogo don ya yi auki. Shekaranjiya na zuba wa Yaya Indo nata, na dama wa yarana kunu da ragowar, na ce masu zafi ya yi yawa, tuwo zai yi masu nauyi. Ta-Zogale ta yi kuka ta ce ita tuwo take so. Na rufe mata baki da hannuna, don katangar nan ba ta riƙe magana.

Shi ne jiya nake zaune da faifai a gabana ina tunanin abin da ban taɓa tunani ba: in jira kwanonta ya iso, in cire ɗaya, in shafe sauran da jiƙaƙƙen hannu. Har na ce a raina ita marar tata ba ta da giɓi, ba za ta gane ba.

Ban kai ga hura wuta ba na ji ana ƙwanƙwasa murfi a kan katanga. Ko la'asar ba a yi ba.

“Binta, kina ciki?”

Na rufe garin da faifai na je. Gashinta ya yi fari a gefen ɗankwali, hannunta duk tabon mai.

“Yaya, yau da wuri haka?”

“Alfarma na zo nema, kada ki yi mini dariya. Kwana biyun nan tuwo ya fita raina. Zogalenki nake kwaɗayi.”

Na ɗaga kai. Bishiyarta na nan a bayanta, ta ninka tawa girma, ganye har yana taɓa rufin madafa.

“Yaya, ga naki nan.”

“Wannan ya tsufa, ɗaci gare shi. Naki ne mai daɗi.”

“Kwaɗayi kuma, a shekarunki?”

“Sai mai ciki aka ce ta yi kwaɗayi? Ke da kika sa ni hawa bishiya damina guda, yau ni za ki yi wa ƙwauro?”

Na kalle ta. Ita kuwa ba ta kalle ni ba, tana ta kankare wani abu a jikin murfin da farcenta.

“Ki bar zubo mini tuwo sai na ce maki ya dawo raina,” in ji ta. “Ki tsinko ki dafa kawai. Ko gishiri kada ki sa.”

Ta ajiye kwanon a kan katanga ta juya ta koma wurin suyarta. Da na ɗauka sai da na sa hannu biyu. Dambu ne, cike, murfin bai zauna ba.

Na kai shi ɗaki na rufe. Na tsaya a tsakar gida na ɗan jima, rana na dukan kaina, rediyo ya koma sanarwar biki. Daga nan na ɗauko ƙwarya, na jawo turmi na kifa a gindin bishiyata, na hau na fara tsinka.